Zaman Jiran Takarda a Hanyar Gabas: Giɓin da Nazarin Hausa Ya Bari

A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, irin su Yammedi, in tsoho ya ce wane "ya yi gabas", ba lallai ne yana nufin ya isa Makka ba. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne mutumin ya fita da niyyar hajji, labarinsa kuma ya tsaya a wani zango. Ra'ayina shi ne wannan zangon, inda matafiyi ke zaman jiran guzuri da takardar izinin wucewa, shi ne ɓangaren tafiyar da manazarta Hausa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a nan ne mafi yawan rayuwar take.

Hanyar sananniya ce: Kano zuwa Maiduguri, a ƙetara zuwa Fallomi wadda aka sauya wa suna Injamena a 1973, a bi ta Abashe da Jinaina da Alfashir har Alubayyid, inda layin dogo ya iso tun 1912, daga nan sai Hartum da gaɓar Bahar Maliya. A taswira tafiyar watanni ce. A zahiri ta kan ci shekaru, domin bayan Turawa sun shata iyakoki, ƙafa da guzuri sun daina wadatarwa. Sai da fasfo, da shaidar lamba, da kuɗin jirgin ruwa, da zaman killacewa a Sawakin. Wanda kuɗinsa ya ƙare sai ya nemi ƙwadago, kuma gonakin audugar Jazira, da suka bunƙasa bayan kammala madatsar ruwan Sannar a 1925, sun haɗiye dubban irin waɗannan baƙi. A yi damina ɗaya don a tara kuɗin takarda, sai aure ya shigo, sai haihuwa, sai kuɗin da ake bukata ya ninka. Tun kafin nan ma akwai waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ƙarƙashin Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru.

Za a ce ai an yi wannan aiki. Gaskiya ne John Works ya rubuta a kan Hausawan Cadi a 1976, J. S. Birks ya bi sawun hanyar a 1978, shi kuwa C. Bawa Yamba a 1995 ya nuna cewa jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan suna ɗaukar kansu alhazai ne da ke kan hanya. To amma duk da Ingilishi aka rubuta su, kuma tambayoyinsu na masana tarihi da zamantakewa ne. Tambayoyinmu daban suke. Wace irin Hausa ake yi a unguwar da kowa yake cewa gobe zai tashi? Waɗanne kalmomin Larabcin Sudan ne suka shige ta, a wane fagen rayuwa? Yaya kalmar "takari" ta tashi daga sunan baƙon Yammacin Afirka ta koma kusan gori a bakin mutanen gida? Ina wasiƙun ajami da ake ba masu dawowa su kawo wa dangi? Na tabbata wasu suna nan cikin gafaka da adaka, gara tana aikinta.

Akwai kuma rabin labarin da bai taɓa barin gida ba, shi ne ya fi damuna. Matar da mijinta ya yi gabas ta shekara bakwai ba saki ba gawa, gonar da aka kasa rabawa domin ba a san ko mai ita yana raye ba, yaron da aka raɗa wa sunan kakan da ake jira. Wannan ba a Hartum za a same shi ba, a zaurukan Yammedi yake, kuma masu riƙe da shi sun haura tamanin. Ɗalibanmu kuwa suna ta maimaita nazarin jigo da salo a kan littattafan da aka riga aka tatse.

Kada a ɗauka zancen ya zama tarihi. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe Hausawa da dama, tushen gardamar kuwa shi ne ko su 'yan ƙasa ne masu haƙƙin sarauta da filaye ko har yanzu baƙi ne. Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, ɗaliban Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun kwashe kwanaki a iyakar Masar suna jiran izinin shiga kafin a kwaso su ta Aswan. Waɗannan matasa sun dawo, suna tsakaninmu, wayoyinsu cike da saƙonnin murya da suka riƙa aiko wa iyayensu daga bakin iyaka. Sashen Hausa da ya tura ɗalibai biyu da na'urar naɗar magana, ɗaya wurinsu ɗaya wurin tsofaffin Ƙaraye, zai iya jera muryoyin biyu a kundi guda kafin zangon karatu ya ƙare.