Kafin a kai littafi maɗaba'a

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Ɗan kasuwar da ke son buga kundin hajarsa, da ma'aikacin da ya rubuta littafin yaƙi da jahilci, tambayarsu guda ce: da wace manhajar kwamfuta za a tsara shafuka kafin a kai aiki maɗaba'a?

Da yawa suna tsayawa ga Word, alhali kuwa an ƙera shi ne don wasiƙa da rahoto. Idan aka buɗe aikin a wata kwamfuta, sai layuka su goce, hoto ya bar mazauninsa. Tsara littafi yana da nasa kayan aiki. PageMaker ne ya buɗe hanya a 1985, QuarkXPress ya biyo baya a 1987, sannan kamfanin Adobe ya fito da InDesign a 1999. InDesign ya ƙware, amma tun 2013 Adobe ya koma ba da shi haya, ana biya ta intanet, wata-wata ko shekara-shekara. Ranar da biya ya tsaya, aiki ya tsaya. Scribus kuwa kyauta ne, haka ma Affinity tun watan Oktoba na 2025.

Sai dai ga littafin Hausa, ba farashi ne abin dubawa na farko ba. Baƙaƙe huɗu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su ne zakaran gwajin dafi. Dokar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar da su, amma ba kowane zubin haruffa ke ɗauke da su ba. In suka faɗi a hanya, ƙura ta zama kura, ƙasa ta zama kasa. Littafi dubu da aka buga haka ba su gyaruwa. Takarda da tawada sun tafi, kuɗi sun bi ruwa. Maganin abin shi ne zubin haruffa irin su Charis, Gentium da Andika, waɗanda ƙungiyar SIL ke rabawa kyauta, kuma duka manhajojin nan uku suna karɓarsu.

Abu na biyu, a tambayi mai maɗaba'a, a Yamai yake ko a Kano, tun kafin a soma. Galibi zai nemi PDF wanda aka cusa haruffan a cikinsa, hotuna masu ɗigo 300 a kowane inci, launi huɗu na CMYK, da rarar milimita 3 a gefe saboda yanka.

Saboda haka, mai hankali ya tsara shafi huɗu tukuna, ya zuba baƙaƙen nan a ciki, ya kai a buga masa gwaji. Manhajar da ta fid da su lafiya, kuma aljihu zai iya ɗaukarta har littafi ya kammala, ita ce ta zaɓe. Allah ya ba da sa'a.