Hayaƙin Janareto Ba Ya Sallama

Kwanan baya na fita rangadin makarantu a ƙasar Maiyama, dare ya yi mini a Mungadi, na sauka a gidan wani malami. Da aka ɗauke wuta sai ya ta da janareto a cikin zaure, ya ɗaure shi da sarƙa, ya ja ƙyaure. Samari uku kuwa nan suke kwana. Na tambaye shi dalili, ya ce ɓarayi. Na ce, "Malam, ai wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago."

Jama'a, hayaƙin injin nan yana ɗauke da wata iska mai dafi, wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu, jini yakan kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 har da ɗoriya. Wanda yake ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya zaci zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba ya jin kome, sai a wayi gari ana ta sallama, shiru. Ita ce dai ke halaka wanda ya rufe ɗaki da kaskon gawayi da hunturu.

Wani zai ce ai ya bar taga a buɗe. Lalle taga ba ta isa ba. Wani kuma zai ce inji ya yi tsada. Gaskiya ne, amma in an sace shi akwai wani a kasuwar Jega. Rai fa, a wace kasuwa?

To, a ajiye shi a fili, ƙafa 20 daga ƙofa da taga, bututunsa ya ba ɗaki baya. Maƙeri ya yi masa keji da rufin kwano, an huta da ɓarawo da ruwan damina. Kada a zuba masa fetur sai an kashe shi ya huce. Kada kuma a haɗa shi da wayar gida sai gwanin wuta ya raba ta da layin kamfani, gama wutar takan koma ta kashe mai gyara a kan turke. Wanda hayaƙi ya buga, a fitar da shi waje, a garzaya da shi asibiti.

Malamai, ku sa wannan cikin darasin kiwon lafiya, domin abin da yaro ya ji a aji da yamma yana gida. Amma mu fara da zaurukanmu. Allah ya kiyashe mu, amin.