Sirrin Kiɗan The Fame

Jama'a, ku bar zancen tufafin Lady Gaga na ban mamaki, ba su suka ɗaga faifanta na farko, The Fame, a 2008 ba. Kiɗan ne. Ta haɗu da RedOne, makaɗi ɗan Maroko da ya goge a Sweden, suka gina waƙoƙi a kan bugun na'ura mai faɗowa daidai wa daida, ba gaggawa ba jinkiri, kamar luguden 'yan mata a turmi. Ku saurari waƙar "Poker Face": sai ta kama gaɓar kalma guda ta yi ta nanatawa kamar mai i'ina, har muryar ta koma ganga, wanda ba ya jin Turanci ma ya iya amshi. Wannan dabara ce, kada wani ya ce muku sakaci ne. Lokacin kuma ya taimaka, don faifan ya fito ana dab da rushewar bankuna a Amurka, mutane na neman abin da zai ɗauke musu hankali. Masu cewa waƙoƙin ba su da zurfi, ban musa ba. Amma ai don filin rawa aka yi su, kuma a rukunin kiɗan rawa na lantarki ta lashe Grammy a 2010.