Igiyar intanet ta bi ta Magariya, amma aiki bai ƙare ba

"Babu rezo" magana ce da ta zama ruwan dare a gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram. Ita ce amsar da ɗan ci-rani a Kano ko Aljeriya kan samu idan saƙon muryarsa ya kwana bai isa gida ba. Sai dai kalmar kan rufe matsaloli daban-daban, kuma muddin ba a bambance su ba, hukuma za ta ci gaba da magance abin da ba shi ne ciwon ba.

Masana sun daɗe da kasa sadarwar kwamfuta hawa-hawa. Tsarin OSI da hukumar ISO ta fitar a 1984 yana da hawa 7, na TCP/IP da intanet ke aiki da shi kuma yana da 4. A ƙasa akwai abin da ido ke gani: igiyar fayiba, eriya, da wutar da ke riƙe su. A tsakiya ake yanka saƙo gunduwa-gunduwa, a manna wa kowane adireshin IP, a tabbatar ya isa a jere. A can sama WhatsApp da Facebook suke. Kowane hawa yana dogara ne da na ƙasansa. An ga haka ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa: manhajoji lafiyarsu ƙalau, amma intanet ya durƙushe a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama.

Aikin shimfiɗa fayiba mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da ɗaukar nauyinsa a 2016, ya ƙunshi sama da kilomita 1,000 a Nijar, har da layin Damagaram zuwa Magariya zuwa iyakar Najeriya. Wannan abin a yaba ne. Amma babbar igiya tamkar kwalta ce: tana iya wuce gari ba tare da ta shiga ƙofar kowa ba. Sai an ja reshe zuwa eriyoyin ƙauyuka, an sama musu wutar sola mai ɗorewa, kafin manomin Dungas ya ga bambanci a wayarsa.

Saboda haka ya kamata hukumar ARCEP ta riƙa tilasta wa kamfanonin waya bayyana wa jama'a inda matsala take duk lokacin da sabis ya ɗauke: wuta ce, igiya ce, ko cunkoso. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da cibiyoyin koyon sana'a su horar da matasan yankin haɗa na'urori da gano lalura hawa bayan hawa, domin kada gyaran eriya ya jira injiniya daga Yamai. 'Yan ci-rani kuma, waɗanda ke tura kuɗi gida ta wannan hanya, suna da bakin tambayar masu mulki yaushe reshen zai iso garinsu.