Kuɗin da Aka Zabge wa Lakwal, Ɗiyanmu Ke Biya

'Yan'uwa na kwamitocin garuruwa, ku saurara, kuma ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Duk ranar da aka zauna a Yamai aka rage kuɗin lakwal, ba a rage yara. Yara suna nan, kullum ƙaruwa suke yi. Abin da ake ragewa shi ne malamai, da benci, da alli, da littafi. Sai a haɗa aji biyu a hannun mushe ɗaya.

Mu yi lissafi. Darasin karatu awa ɗaya ne. In yara 40 ne, kowa yana da minti ɗaya da rabi ya karanta da ƙarfi, malami ya gyara masa. In suka kai 100, kowa daƙiƙa 36. Wa ya taɓa koyon karatu cikin daƙiƙa 36? Na gaba suna ji, na baya suna amshi, malami ya koma makiyayi. Littafan aiki 100 kuwa, a wane dare zai duba su?

Ƙasarmu ta ɗanɗana wannan. Da farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga yarjejeniya da FMI a 1983, sannan da Bankin Duniya, aka ce a tsuke bakin aljihu. Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito kan wannan tsukewa, aka harbe uku a gadar Kennedy. A birane aka raba yara gida biyu, wasu da safe, wasu da marece, malami ɗaya, kowane rukuni da guntun lokaci. Daga 1998 aka shiga ɗaukar malamai 'yan sa-kai, daga baya 'yan kwantaragi, a kan albashi ƙasa da na ma'aikacin gwamnati, da yawa ba da cikakken horo ba, har suka fi sauran malamai yawa.

Ga abin da aka girba. A binciken PASEC na 2014, cikin yara 10 da ke ƙare lakwal ta farko a Nijar, ko ɗaya cikakke bai kai mizanin karatu ba. Inda ba a gina aji ba, sai rumfar kara. A Afrilu 2021 gobara ta cinye yara kimanin 20 a irin wannan rumfa a Yamai. A Nuwamba 2021 ta cinye aƙalla 25 a Maraɗi.

Wasu za su ce aljihun gwamnati ba rijiya ba ne. Mun yarda. Amma mai hankali in fari ya zo, ba ya fara cin iri. Ɗan mai kuɗi yana da lakwal ta kuɗi; ɗan talaka ba shi da wata sai wannan.

Saboda haka muna kiran kowane kwamiti, daga Tawa har Damagaram: ku shiga lakwal ta garinku. Ku ƙirga yara aji-aji, ku ƙirga malamai, benci da rumfunan kara. Ku rubuta, ku kai wa kwamitin iyaye da magajin gari kafin a tsara kasafin shekara, ku nemi amsa a gaban jama'a. Ranar kasuwa ku gaya wa mutane abin da aka amsa muku.