Sodar Haɗa Sabulu: Iyaye Mata a Yi Hattara



Sana'ar haɗa sabulun ruwa ta shiga gidaje da dama a Minna, daga Bosso zuwa Tunga da Chanchaga, kuma tana rufa wa mata asiri. Sai dai cikin kayan haɗin da ake sayowa a Kasuwar Kure akwai wanda ya kamata mu san halinsa, wato kostik soda, farin sinadarin nan mai kama da sukari.

Ita ce ake amfani da ita a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da kamfanonin magani wajen auna ƙarfin asid da kashe kaifinsa. A can ba mai taɓa ta sai da safar hannu da tabarau, kuma kowace kwalba da sunanta a jiki. A gida kuwa sai a jiƙa ta a bokiti ta kwana a tsakar gida, ko a ɗura ragowar a robar lemo. Ruwanta garau yake, ba ya wari, don haka yaro mai jin ƙishirwa ba zai bambance shi da ruwan sha ba.

Kurɓa ɗaya na iya ƙona baki da maƙogwaro. Bayan 'yan makonni tabon ƙunar kan tsuke hanyar abinci har yaro ya kasa haɗiyar koko, wani ma sai an yi masa tiyata.

Uwargida, idan za ki jiƙa, ki zuba sodar cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ki zuba ruwa a kanta, domin zafi take ɗauka nan take ta fantsamo. Kada ki yi amfani da tukunyar alminiyam, tana cin ta, ta fitar da iska mai kama wuta. Ki rubuta suna a jikin mazubin, ki kulle inda hannun yaro bai kai ba.

Idan tsautsayi ya afku yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin sodar za ta sake ƙona inda ta bi. Kada a ɗura masa manja ko lemon tsami. A garzaya da shi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa tare da robar, ko da ba a ga ƙuna a bakinsa ba. Idan ido ko fata ta taɓa, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.