Filin Uwa Da 'Ya'ya: Wasan Labari A Kan Tebur, Mu Bari Ko Mu Hana?

Wannan watan za mu tattauna ne a kan wani wasa da 'ya'yanmu suke gani a finafinai da wayoyi, alhali da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Gara mu san shi tun yanzu, kafin ranar da yaro zai ce, "Mama ki saya min."

Sunansa Dungeons & Dragons. A Amurka aka ƙirƙiro shi; Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a 1974, yau kuma yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda Hasbro ya saya a 1999. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur. Ɗaya shi ne mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi da aka rubuta ƙarfinsa da basirarsa a takarda. Mai labari zai ce, "Kun iso bakin kogi, gada ta karye, yaya za ku yi?" Kowa ya kawo dabararsa. In dabarar tana da haɗari sai a jefa dayis, lambar da ta fito ita ke nuna an yi nasara ko an faɗi. Dayis ɗin ma ba irin na ludo kaɗai ba ne. Akwai mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 har da 20.

Gaskiya wasan yana da amfaninsa. Yaro zai yi karatu da lissafi, ya koyi sauraro da jiran layinsa, kuma tare ake haɗa kai a warware matsala. Ga shi ido da ido ake yi, waya tana ajiye.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata uwa Musulma ta duba. Na farko aƙida. Littattafansa cike suke da sihiri da abubuwan bauta na ƙirƙira. Wani jarumin daga abin bautarsa yake samun ƙarfi, wani kuma yarjejeniya yake ƙullawa da shaiɗani. Ko a Amurka, a shekarun 1980 iyaye Kiristoci sun yi ta kuka da shi. Yaron da bai gama sanin tauhidi ba bai kamata ya riƙa kwaikwayon boka ba, ko da wasa.

Na biyu dayis. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan hani ga wasan nardi, kuma malamai da dama sun shigar da wasannin da ake jefa dayis cikin hanin, ko babu caca. Ki tambayi malamar Islamiyyarku kafin ki sa kuɗinki.

Na uku kuɗi da lokaci. Manyan littattafansa uku ne, ga 'yan mutum-mutumi, ga fenti, ga taswira, duk da dala ake sayowa. Zama ɗaya kan ci awa uku ko huɗu, La'asar ta wuce ba a sani ba.

To mene ne mafita? Hani kawai ba ya kashe sha'awar yaro, ɓoyewa yake koya masa. Mu ɗauki amfanin mu bar sauran, tun da mu ma muna da tatsuniya. Bayan Isha'i ki tara su, ki zama mai labari. Su zama fatake da suka tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ko ayarin raƙuma daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri. Ruwa ya ƙare a hanya, jaki ya ɓata, Gizo ya zo da wayonsa: yaya za su yi? Maimakon dayis, wanda ya amsa kacici-kacici ko lissafi shi ya tsallake. Ko Turawan suna da irin wannan wasa marar dayis, kamar Amber da ya fito a 1991. Biro da takarda sun isa.

A nan za ki ga wane ne mai haƙuri a cikinsu, wane ne mai son kai, ki yi gyara cikin raha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.